Ranar da Baba Ya Haska Zara

Ko da zan manta ranar da na fara karɓar albashi, ba na jin zan manta magaribar da mahaifina ya tsaya a kan ganuwa, gaban mutanen unguwa, ya nuna musu tauraruwa, ashe jirgin sama ne da mutum biyu a ciki. Shekaru sun ɗan ja yanzu, har an kai ga ana ba da labarin a gidanmu a yi dariya. A lokacin kuwa babu wanda ya yi dariya, domin saura ƙiris dattijo mai furfura ya ci sallarsa a gidan yari.

Mu 'yan cikin birnin Zariya ne, gidanmu na nan kusa da Ƙofar Kibo, inda gidaje suka cushe har in maƙwabci ya yi atishawa sai ka yi masa addu'a daga ɗakinka. Baba tsohon hedimasta ne, amma ba da wannan aka san shi ba. Da ido aka san shi. Shi ne mai duban wata na unguwarmu, kamar yadda mahaifinsa ya yi kafin shi. Duk ashirin da tara ga wata, da an idar da magariba, sai ya hau wani tudun ganuwa da ruwan sama bai gama cinyewa ba, ya fuskanci dutsen Kufena. In ya ce wata ya tsaya, Mai Unguwa ba ya ƙara tambaya, sai dai ya kai labari gaba. Ya san taurari kamar yadda ya san 'yan makarantarsa. Muna yara yakan nuna mana Kaza da 'Ya'yanta, ya nuna mana Zara matar wata, tauraruwar nan mai haske da ke fitowa yamma da faɗuwar rana. Da ita yake fara neman jinjirin wata. Yakan ce wanda ya samu matar gida, mai gidan ba zai yi masa wuyar samu ba.

To, idon nan da ake taƙama da shi ya soma tafiya, kuma duk gidan mun sani. Shayi yakan zuba rabi a kofi rabi a tabarma. Alƙur'ani zai buɗe a gabansa yana karatu, amma sai ya sauke izu guda bai juya shafi ba, da ka yake yi. Mutane kuwa da murya yake gane su, shi ya sa ya ɗauki ɗabi'ar yin shiru har sai baƙo ya fara gaisuwa, jama'a suka ɗauka ƙarin dattaku ne. Inna, mahaifiyarmu, ta zama ita ce idonsa ba tare da an yi shawara da ita ba. Takalminsa kullum a wuri guda, butarsa a wuri guda, kuma ta kafa doka cewa duk wanda ya bar kujera a tsakar gida zai gamu da ita. Sau ɗaya na taɓa kawo maganar asibiti. Baba ya ce da ni idon da ya ga wata kafin a haife ni ba zai je wani yaro ya leƙa shi da tocila ba. Daga nan na kama bakina.

Abu ɗaya zan faɗa don kare shi: bai taɓa cewa ya ga abin da bai gani ba. Ya san nauyin shaidar wata. Abin da ya koma yi shi ne, ya hau ganuwa, ya daɗe yana kallon yamma, ya sauko ya ce gajimare ya rufe. Aka jera watanni gajimare yana rufewa a unguwarmu, har da tsakiyar rani. Mutane sai su ce Allah ya kyauta, su koma gida su kunna rediyo.

Ana haka mijin ƙanwata ya dawo daga wata tafiya. Ɗan kasuwa ne mai sayo kayan waya daga waje, mutum mai son faranta wa surukai. Ya kawo wa Baba tsaraba, wata 'yar fitila mai kama da biro da ake kira leza. In ka danna ta, wani siririn haske kore shar ne yake fita, ya miƙe sama kamar an ja zare, har ka rantse ya taɓa tauraro. Ya ce a can masu nazarin taurari da ita suke nuni, ba da yatsa ba. Baba ya juya ta a hannu, ya danna, ya ga koren layin nan. Ina jin shi ne abu na farko da ya gani tangaran cikin dogon lokaci. Ya sa mata suna alƙalamin haske, ya saka ta a aljihun gaba, kuma tun daga ranar ko masallaci da ita yake zuwa.

Duk ɗan Zariya ya saba da ƙananan jiragen nan na masu koyon tuƙi, masu yini suna zagaye gari. Mun saba da su har ba ma jin ƙararsu, kamar yadda mai gida a bakin titi ba ya jin mota. Ban taɓa zama na yi tunanin cewa akwai mutum a cikinsu mai uwa da uba ba. Ina jin yawancinmu haka muke.

Ranar duban watan azumi ta zo, cikin zafin bazara. Da aka sallame magariba, jama'a suka bi Baba zuwa ganuwa fiye da yadda aka saba, don labarin alƙalamin haske ya zaga unguwa. Ni ne a gefensa na dama, ina riƙe da gefen rigarsa kamar ina gyara masa, alhali jagora nake yi. A hagunsa akwai Ladan, mai kiran sallar masallacinmu, taubashinsa ne kuma abokinsa tun ƙuruciya, shi kaɗai ne a duniya yake iya tsokanar Baba ya kwana lafiya. Sama tas take, babu ko ɗigon gajimare. Zara na can sama da dutse, ɗan gefen hagu, kowa yana ganinta.

Baba ya gyara murya ya ce a nemi Zara tukuna. Ya dudduba, sai ya tsaya a kan wani haske fari mai ƙarfi, ƙasa-ƙasa ta dama. Ya zaro alƙalaminsa ya ce, "Ga ta nan." Ya danna. Koren zaren ya tafi ya sauka a kan hasken daidai, don hannun Baba ba ya rawa. Jama'a suka ce ikon Allah.

Na dubi hasken da kyau. Da farko a tsaye yake kamar tauraro, don jirgin da ya nufo ka kai tsaye ba ka ganin motsinsa. Amma na hango 'yar jar fitila a gefe guda, 'yar koriya a ɗaya gefen. Na sunkuya na ce masa a hankali, "Baba, kamar jirgi ne." Bai ko juyo ba. Ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Ina da 'ya'ya uku a lokacin. Ya ci gaba da bayani, yana cewa a lura da yadda haskenta yake ƙaruwa, alama ce ta sararin sama ya yi kyau. Hasken ya soma gusawa, shi ma ya bi shi da hannu. Mutum sama da talatin a kan tudun nan, kowa yana ganin Zara ta gaskiya a gefe tana kallonmu, amma babu wanda ya iya buɗe baki ya ƙaryata Malam a bainar jama'a.

Ladan ne ya ce, "Malam, Zarar taka yau har da ƙara."

Kafin Baba ya ba shi amsa, sai hasken ya karkata, fiffike ɗaya ya yi ƙasa, injin ya yi wani irin gurnani, jirgin ya ɗaga sama ya juya ya bar mu. Baba ya saki madannin. Ya ɗan tsaya, ya mayar da alƙalamin aljihu, ya ce gajimare ya rufe. Muka sauko. Daren nan rediyo ta sanar an ga wata a wasu garuruwa, muka tashi da azumi.

Na ɗauka magana ta wuce. Ban san cewa wani daga cikin jama'a ya ɗauki abin a waya ba, ya kuma tura wa abokai da rubutun cewa Malam ya kori tauraro. Daga abokai ya wuce wurin abokan abokai. Su kuwa can filin jirgi tun a daren aka kai rahoto, ana neman daga inda hasken ya fito, sai ga hoton ya je musu har gida, da fuskar Baba da hularsa da komai.

Azumi bai yi nisa ba, wata ranar da hantsi, Mai Unguwa ya yi sallama a zaurenmu tare da baƙi biyu, ɗan sanda cikin farin kaya da wani jami'in kula da harkar jiragen sama. Aka shimfiɗa tabarma, aka gaisa gaisuwa mai tsawo, aka tambayi ibada da zafi. Sannan jami'in ya yi bayani, cikin ladabi amma babu wasa a fuskarsa. Ya ce haska jirgi da irin wannan fitila laifi ne a doka, domin tana iya ɗauke wa matuƙi gani a lokacin da ya fi bukatarsa, wato lokacin sauka. Ya ce hukuncin yana iya zama tara mai nauyi, ko ɗauri, ko duka biyun, kuma a wasu ƙasashe akwai waɗanda suka yi zaman kurkuku a kan haka. Ya ƙara da cewa doka ba ta tambayar shekarun mutum kafin ta hau kansa.

Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce shi tauraro ya haska. Ya tambaya tun yaushe gwamnati ta yi wa sama shinge.

Jami'in ya ce, "Tun da aka fara sa 'ya'yan mutane a cikinta, Baba."

Suka karɓi alƙalamin haske, suka tafi da mu ofis. Albarkacin Mai Unguwa da furfura aka bar Baba ya dawo gida a ranar, amma aka ce magana ba ta mutu ba, za a duba a ga ko za a miƙa ta kotu.

Ina da aboki lauya, mun yi sakandare tare. Na kawo shi gida bayan la'asar. Ya kalli hoton wayar sau biyu, ya ce abin da ya fi ɓata lamarin shi ne yadda Baba ya riƙa bin jirgin da haske, don duk wanda ya gani zai ce da gangan ne. Ya ce ko bisa kuskure ne laifi yana nan, amma akwai tazara mai nisa tsakanin wanda ya ga jirgi ya auna shi, da dattijon da idonsa bai bambance jirgi da tauraro ba. Shawararsa ɗaya ce: a kai Baba likitan ido, a samo shaidar cewa ganinsa ya yi rauni, a gabatar kafin magana ta je gaban alƙali.

Baba ya ce idonsa ƙalau.

Lauya ya ce, to in ido ƙalau ne, ke nan Baba ya ga jirgi ne ya haska. Baba ya ce shi Zara ya haska. Lauya ya ce in Zara ya gani a inda jirgi yake, ke nan ido ba ƙalau ba. Baba ya ce ƙalau. Haka suka yi ta zagaye kamar jakin da aka ɗaure a turke, har aka kusa shan ruwa. Da zai tafi, abokina ya ja ni waje ya ce ya taɓa kare ɓarayi da 'yan damfara, amma bai taɓa samun wanda ya fi son kurkuku a kan tabarau ba.

Gaskiya na ji haushin Baba a kwanakin nan, haushi sosai. Amma in na kalle shi zaune a zaure yana lalube carbi, sai tausayi ya kama ni. Makaranta ta sallame shi da daɗewa, abokansa sun ragu, 'ya'ya kowa ya kama gabansa. Abin da ya rage masa da mutane za su taso su zo ƙofarsa dominsa shi ne idon nan. Cewa ba ya gani, a wurinsa, daidai yake da ya ce a daina lissafi da shi. Ni kuma abin da nake hangowa shi ne mahaifina a tsaye cikin akwatin masu laifi, da ciwon sukarinsa, ana karanta masa tuhuma da Turanci.

Inna ba ta yi masa gardama ba, don ta san mijinta. Wata safiya sai ta ɗauko tsohuwar jakarsa ta aikin Hajji, ta zauna a inda zai ji motsinta, ta soma haɗa kaya tana faɗin sunan kowane abu da ƙarfi. Bargo. Buta. Sabulu. Maganin sauro, don ta ji an ce na gidan yari ba sa jin magani. Baba ya tambaya tafiya za a yi. Ta ce, "Kai za ka yi, Malam. Na ga ka ƙudura, shi ne na ce kada a zo a rasa abu." Muka zuba ido muna jiran ya karaya. Ya jawo jakar, ya shafa kayan ɗaya bayan ɗaya, ya ce ta manta rediyo.

Mai Unguwa ne ya yi ta kai da kawowa har ya samu aka yarda a zauna kafin a yanke shawarar kotu. Aka kira mu wani ofis kusa da filin jirgi. Muka tarar da jami'in nan, da mutum biyun da suke cikin jirgin. Ɗaya malamin tuƙi ne, dogon mutum mai furfura a gemu, ɗan Wusasa, Hausarsa irin tamu sak. Ɗayar ɗalibarsa ce, budurwa da ba ta wuce sa'ar ƙanwata ta ƙarshe ba, sanye da baƙin tabarau a cikin ɗaki. Da na ga tabaran nan sai na san hasken ya taɓa mata ido. Baba bai gan shi ba, ya zauna yana fuskantar kabad ɗin takardu, sai da na ɗan juya masa kujera.

Malamin tuƙin ya fara magana, muryarsa a kwance amma kana jin ɓacin rai a ƙarƙashinta. Ya ce ranar ce ɗalibar ta fara koyon sauka bayan faɗuwar rana, ita ke riƙe da jirgin. Ya ce Allah ya sa a daidai lokacin shi ya sunkuyar da kai yana duba agogunan gaba, shi ya sa hasken bai same shi sosai ba, ya karɓi tuƙin ya ɗaga su sama. Da hasken ya same su su biyun, a cewarsa, a ƙarƙashinsu babu komai sai rufin gidajen mutane. Ya ce an dakatar da ita daga tashi har sai likita ya tabbatar idonta bai taɓu ba, kuma matuƙin da idonsa ya taɓu ya gama tuƙi, komai shekarun da ya kashe yana koyo.

Jami'in ya nemi ɗalibar ta faɗi abin da ta gani. Ta gaida Baba tukuna, ta ce masa ina wuni, ya ibada. Sannan ta ce tana kallon fitilun titin sauka a jere, sai kawai gilashin gaba ya zama kore gaba ɗaya, kamar an watsa mata ruwa a fuska. Da koren ya tafi, sai ta nemi fitilun ta rasa. Suna nan, amma sun narke sun haɗe, kowace ta zama wani dunƙulen haske. Ta duba agogunan gabanta, ta san akwai lambobi a jiki amma ta kasa karanta ko ɗaya. Ta juya wajen malaminta, tana jin muryarsa amma ba ta ganin fuskarsa.

Tun da aka fara zaman Baba bai motsa ba. A nan sai na ga ya ɗan matso gaba.

Ya ce, "'Yata, fitilun nan, suna yin wani gashi-gashi a gefe?"

Ta ce e, Baba.

"In kika kalli abu kai tsaye ya ɓace, sai kin kalle shi ta gefen ido?"

Ta ce haka ne. Ta cire tabaran tana kallonsa.

Ya tambaye ta tsawon wane lokaci ta yi a haka. Ta ce mafi munin bai kai minti ɗaya ba, amma ta ɗauka mutuwa ce, kuma har washegari akwai wani tabo da ke yawo a gabanta. Ta ce ba faɗuwar jirgin ce ta fi ba ta tsoro ba daga baya, a'a, tunanin cewa haka za ta ci gaba da gani.

Fankar sama tana ta juyawa. Sannan Baba ya ce, "Ni na fi shekara biyu a haka." Ya juya wajen da yake jin jami'in yake, ya ce, "Yallaɓai, rubuta. Ba na gani. Ban ga jirgi ba, ban ga Zara ba, wannan yarinyar ma da ke gabana ban ga fuskarta ba. Na san abin da na ɗanɗana mata, don shi nake ci kullum. 'Yata, ki yafe mini."

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Ita ma ɗalibar ta mayar da tabaranta da sauri, ta ce ta yafe. Malamin tuƙin ya kalli taga. Mai Unguwa ya ce alhamdu lillahi, ya fyace hanci da ƙarfi.

Sauran ya zo da sauƙi, ko da yake ba a rana ɗaya ba. Likita ya duba Baba ya ce yanar ido ce ta rufe masa idanu biyun, ya yi mamakin yadda mutum yake hawa tudu da su. Da wannan shaida, da yafewar waɗanda abin ya shafa, aka tsaya a kan gargaɗi mai ƙarfi da alkawarin ba za a sake ba, ba a je kotu ba. Jami'in ya ce mu gode wa Allah babu wanda ya ji rauni mai ɗorewa, don da an samu, babu furfurar da za ta tare maganar. Alƙalamin haske kuwa bai dawo ba. Mijin ƙanwata ya yi wata guda bai taka gidanmu ba, sai dai ya aiko da gaisuwa ta waya.

Babu wanda ya sa Baba yin abin da ya biyo baya. Ranar wata Juma'a bayan la'asar, a masallacin unguwa, ya miƙe ya ce jama'a su ɗan dakata. Ya ce abin da ya haska a kan ganuwa jirgi ne, da 'ya'yan mutane a ciki, kuma duk mai irin fitilar nan a gidansa ya sani doka tana ɗaure mutum a kanta, kuma ko babu doka alhaki ne. Sannan ya faɗi abin da ya fi masa wuya, ya ce idonsa ya daɗe da tafiya, a nemi wani mai duban wata. Ya tsaya yana jiran salati da mamaki.

Ladan ya ce, "Ai mun sani, Malam."

Baba ya ce tun yaushe.

"Tun ranar da ka yi wa babur ɗin Liman sallama, ka tsaya jiran amsa."

Dariyar da aka riƙe shekara biyu ta fashe a masallacin nan, har Liman. Baba ya tsaya ƙiƙam, na ɗauka zai yi fushi. Sai ya ce to me ya hana a gaya masa. Nan kuma dariyar ta mutu, kowa ya sunkuyar da kai.

Bayan sallah aka yi masa aiki, ido ɗaya sannan ɗayan. Aikin da ya guje wa shekara da shekaru bai kai tsawon huɗubar Juma'a ba. Ranar da aka cire bandejin farko muka dawo gida, ya tsaya a tsakar gida yana kallon bango, yana kallon bishiyar darbejiya, sannan ya daɗe yana kallon Inna. Muka kasa kunne muna jiran magana mai daɗi. Ya ce, "Ashe kin tsufa." Ta ce madubi na nan a ɗaki, ya je ya gaisa da saurayin da ke ciki.

Labari ya zo mana ta bakin Mai Unguwa cewa likita ya wanke ɗalibar, ta koma tashi. Baba ya sa aka kai mata kwandon dabino, ya ce a gaya mata daga tsohon da ya gan ta a tauraruwa.

Da watan azumi ya zagayo, mutane suka sake zuwa ƙofarmu da kansu, babu wanda ya nemi wani mai duba. Baba ya hau ganuwa da tabaransa, babu mai riƙe masa riga. Ya samu Zara, ya gangaro ƙasanta da ido, ya ɗaga yatsa zai yi nuni. Sai ga wani farin haske ya taso ta dama. Ya sauke hannunsa, ya tsaya har jirgin ya wuce, na ji yana cewa a hankali Allah ya sauke ku lafiya. Sannan ya sake ɗaga yatsan ya ce ga wata can, siriri kamar yankan farce. Kuma yana nan inda ya nuna.

Abin da na koya a wannan lamari ban same shi a wurin lauya ko jami'i ba, duk da cewa tun daga lokacin in na ga irin fitilar nan a hannun kowa sai na tsaya na yi masa bayanin tara da ɗauri, har an fara gudu na a unguwa. Na koyi cewa larurar da mutum yake ɓoyewa don kare mutuncinsa, yawanci shi kaɗai ne bai san kowa ya sani ba. Na kuma koyi cewa kunyar da ke hana a gaya wa babba gaskiya ba kullum ba ce girmamawa. Mu muka ga kamar muna rufa wa Baba asiri, ashe nauyin shirunmu wata baiwar Allah ce can a sama ta kusa ɗauka, wadda ba ta san mu ba, ba ta kuma ci mana komai ba. Yanzu ni ma na fara nisanta takarda da fuskata kafin in karanta. Na riga na gaya wa 'ya'yana, ranar da suka ga na yi wa babur sallama, kada su jira sai na hau ganuwa.